Hannun Baba Gilbert a Kafaɗata

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Doreen ta koma Abuja jiya. Kafin ta tafi ta jera mini komai: garin masara a bokiti, manja, gishiri, maganin hawan jini a kan taga inda idona zai gani. Ta ce, "Baba, ka riƙa fita kana gaisawa da mutane." Na ce to. 'Yata ce, me zan ce mata.

Ɗakin na dangin mijinta ne, a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Kafanchan. Ban taɓa zaton a nan zan ƙare ba. Shekara talatin da wani abu ina koyarwa a ƙauyenmu, can bayan Kasuwan Magani, babu gidan da ban san sunan karensa ba. A nan ko mai ce mini sannu da Adara babu. Kowa da yarensa, sai dai mu haɗu a Hausa kamar fasinjoji a tasha.

Tamar, matata, ita ce mai iya mutane. Ni bayanta nake bi, in ta gama gaisuwa in ɗaga hannu.

Alhamis, 9 ga Mayu

Mutum ɗaya na yi wa magana yau, mai burodi. Ya ce wanne, na nuna.

Lahadi, 12 ga Mayu

Tun safe gangar coci ke shigowa ta taga. Na rufe tagar, zafi ya dame ni, na buɗe, na sake rufewa.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ranar Asabar ce da yamma, cikin Fabrairu. Zumuntar Mata suna koyon waƙa a cocinmu. Ni ina Mararaban Rido wajen jana'izar wani tsohon abokin aiki. Maharan sun zo a kan babura. Matan da suka ruga daji sun tsira. Tamar da wasu suka kulle ƙofar coci daga ciki, a ganinsu gidan Allah ne.

Da zanen zumunta na gane gawarta.

Tun ranar ban taka coci ba. Ni da na yi dattijon ikilisiya. Ban ce babu Allah ba. Ba ma magana ne kawai, ni da shi.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun azahar. Ina tsaye bakin ƙofa sai na ji ihu da zagi daga kwatar da ke gaban gida. Wani tsoho ne ya faɗa ciki har ƙugu, sandarsa ta bi ruwa. Makaho. Na sha ganinsa zaune a gidan da ke jikin namu da rediyo a kunne, ban taɓa gaishe shi ba.

Na jawo shi da ƙyar. Maimakon godiya ya kama tafin hannuna yana shafawa. "Wannan hannu bai san fartanya ba. Kai wane ne?" Na ce Ezekiyel, tsohon malamin makaranta. Ya ce, "Oho, kai ne kurman da aka kawo ɗakin baya."

Sunansa Gilbert, kowa Baba Gilbert ke ce masa. Ya yi aikin reluwe har jirgi ya daina tafiya, daga baya ciwon suga ya cinye masa ido. Matar ɗansa, Yemima, ke kula da shi, amma kullum tana kasuwa. Ita ta zo da yamma ta yi godiyar, da kwanon pate.

Na ci. Rabon da in ci abin da ba ni na jagwalgwala ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Bugun ƙofa da sassafe. Shi ne, cikin kwat mai warin kafur, da sabuwar sanda.

"Hedimasta, tunda ka fitar da ni daga kwata kai ka jawo wa kanka. Kai ni coci." Wai jikarsa ce ke kai shi, ta yi aure, Yemima kuma wani cocin take zuwa. Na ce ba na jin daɗi. Ya ce shi ma. Ya ɗora hannu a kafaɗata kamar an daɗe ana yi.

Hannun da nauyi. Duk hanya yana ba ni labarin injin jirgi, ni ina cewa ga rami, ga dutse.

Da muka kai bakin get ƙafafuna suka ƙi. Na hango ƙofar a buɗe, mata da zane iri ɗaya suna shiga, sai zufa ta karyo mini. Akwai wani dogon mutum da ke bincikar masu shiga da na'ura, Sambo, tsohon soja. Ya dube ni, ya karɓi Baba Gilbert ya kai shi ciki, ya dawo ya zauna a bencinsa, ya matsa gefe. Na zauna. Bai tambaye ni komai ba har aka tashi. Dafaffiyar gyaɗa kawai ya miƙo mini.

Lahadi, 26 ga Mayu

Haka dai. Benci, Sambo, gyaɗa. Shi ma ba ya jin wa'azi, idonsa na kan titi.

Laraba, 5 ga Yuni

Faston cocin su Baba Gilbert ya zo. Yaro ne, mai kirki kuma, na san da kyakkyawar niyya ya zo. Ya ce Allah ya fi mu son Mama. Ya ce ba a tambayar Ubangiji dalili. Mutum nawa na faɗa wa haka da bakina a gidajen makoki? Yau na ji yadda take sauka a kunne.

Na ba shi ruwa, na raka shi bakin hanya. Da na dawo na kwanta da takalmi.

Talata, 18 ga Yuni

Na je gida ranar Asabar, jiya na dawo. Da ban je ba.

Ciyawa ta kai ƙirji a tsakar gida. Rufin ɗakinmu ya rufta. Turminta na nan a kife inda ta bar shi, gara ta fara ci. Makarantar a rufe, awakin wani na kwana a aji. Mutanen da suka rage ba su cika tsakar gida ɗaya ba, tsofaffi ne duka, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Sun yi murnar ganina, amma kafin rana ta karkata suna ta cewa in kama hanya.

Na share kabarin. Kabari ɗaya ne, dogo, su duka. Na so in yi addu'a, na tsaya, babu abin da ya fito. Sai na ce mata Doreen na lafiya, jikoki na lafiya. Kamar mai ba da rahoto a ofis.

Duk makonnin nan ina gaya wa kaina zaman Kafanchan na ɗan lokaci ne. Babu inda zan koma.

Laraba, 19 ga Yuni

Mun yi faɗa da Baba Gilbert. Na leƙa gaishe shi, ya juya mini baya. Ya ce ranar Lahadi ya zauna da kwat har rana ta yi tsaka, yana jin takun kowa yana cewa ni ne. "In ka gaji da jan makaho ka faɗa. Ba kai ne na farko ba."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce kabarin matata na je sharewa, wadda aka ƙone a cikin coci, in kuma coci yake so ya nemi wani. Ban taɓa faɗa da baki ba sai yau.

Na juya zan fita. Sai ya ce, "Tana da faɗa?"

Na ce me?

"Matarka. Tana da faɗa? Nawa yana da faɗa sosai." Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya.

Kowa yadda ta mutu yake tambaya. Babu wanda ya taɓa tambayata yadda take. Na zauna a bakin gadonsa na gaya masa. Yadda take kirana "Sa" kamar 'yan aji in tana son tsokana. Yadda ba ta iya wucewa gaban yaro mai majina ba ta share masa ba, ko ɗan waye. Yadda take waƙa da ƙarfi, ba ta kuma iya ba, babu mai ƙarfin halin gaya mata. Ya yi dariya har da tari. Ni kuka na yi. A gaban makaho da sauƙi.

Ya ce da idonsa ya tafi, abokan reluwe sun yi ta zuwa da farko, sannu a hankali suka ɗauke ƙafa. "Idon bai dame ni kamar ƙafafun nan ba."

Lahadi, 30 ga Yuni

Sambo ya yi magana yau. Ɗansa ɗan sanda ne, an kashe shi a kan hanyar Birnin Gwari, ba a kawo gawa ba. Ya faɗa yana kallon titi. Ya ce shi ya roƙi a ba shi aikin get, don a ciki in an fara waƙa ba ya iya riƙe kansa. Na ce Allah ya ji ƙai. Ya ce amin. Muka ci gaba da ɓare gyaɗa.

Litinin, 15 ga Yuli

Daga asibiti nake.

Jiya ana tsakiyar wa'azi wani abu ya fashe a kan titi. Tayar babbar mota ce, daga baya aka gane. Amma a ƙasar nan wa zai tsaya tambaya? Wani ya yi ihu, "Sun zo!" Sai cocin ya amayo mutane. Ta ƙofa, ta taga, mata na jan yara, takalma ko'ina. Sambo na daka tsawa, taya ce, taya ce, babu mai ji.

Ni ma gudu na tashi yi. Sai na tuna a layin gaba suke zaunar da Baba Gilbert.

Ban san yadda na kutsa ba. Kowa na fita ni ina shiga. Na same shi a ƙasa tsakanin benci biyu, an ture shi an bi ta kansa, yana laluben sanda. Na ce ni ne. Ya damƙe rigata. "Na san za ka zo, kurma." Sai ya suma.

Ƙashin ƙugu ya karye. Likita ya ce da shekarunsa da sugansa, aiki na da haɗari.

Sai da muka fito da shi na gane a cikin coci nake. Ban ji komai ba. Benci ne da bango da fanka.

Asabar, 27 ga Yuli

An sallamo shi, ba don ya warke ba. Ni ke juya shi da safe in Yemima ta tafi kasuwa, in goge masa jiki, in zubar da fo. Yana zagina duk lokacin da na taɓa wajen. Ɗan nasa ya zo daga Fatakwal ya kwana biyu ya koma bakin aiki.

Alhamis, 1 ga Agusta

'Yan Zumuntar Maza sun ce tunda ba zai iya zuwa ba, su za su riƙa zuwa duk Alhamis da yamma. Na zaci cika baki ne. Sun zo. Sambo, da wani kafinta Leonard mai surutu kamar rediyo, da wasu. Leonard ya kafa masa katako a gefen gado don ya riƙa kamawa.

Na tashi zan ba su wuri, Baba Gilbert ya ce in na fita shi ma a fitar da shi. Suka yi waƙa, muryoyin tsofaffi, kowa da inda ya nufa. Aka ce Malam Ezekiyel ya rufe mana da addu'a. Na ce a'a. Babu wanda ya dube ni. Leonard ya karɓa ya yi.

Talata, 13 ga Agusta

Batirin rediyonsa ya mutu, ya ce in karanta masa Littafi Mai Tsarki. Na ce in kira Fasto. Ya ce, "Karatu na ce, ba wa'azi ba. Ko hedimastan ƙarya ne?"

Na buɗe Zabura. Na sha karanta ta a gaban jama'a, amma ban taɓa lura ba: wasu daga cikin masu addu'o'in nan sun fi ni fushi. Suna tuhumar Allah gaba da gaba, ina kake, har yaushe. Kuma ba a cire su daga Littafin ba.

Na tsaya a tsakiya. Ya ce ci gaba. Na ce tabarau ne.

Lahadi, 25 ga Agusta

Gyambo ya fito masa a baya. Ɗakin ya fara wari. Ba ya cin komai sai kunu.

Alhamis, 5 ga Satumba

Yau bai zagi kowa ba. Leonard ya yi ta jan sa da wasa, wai jirgin ƙasa ya dawo ana neman direba, ko murmushi. Da suka tafi ya ce in matso. Ya ɗora hannu a kafaɗata yadda yake yi a hanya. Ba nauyi yanzu, kamar an ɗora tsumma.

Ya ce yana jin tsoro. Ya ce duk shekarun nan yana coci amma yana jin tsoro, kada in gaya wa Fasto. Ban ce masa kada ya ji ba. Na ce ina nan. Ya ce, "In na je zan nemi mai waƙa da ƙarfi ɗin nan, in ce mata kana nan kana ƙona tuwo."

Talata, 10 ga Satumba

Da safe, bayan na ba shi kunu. Na je wanke kofi na dawo, ya riga ya cika.

Lahadi, 22 ga Satumba

Jiya muka binne shi a ƙauyensu, wajen Zonkwa. Ruwa ya hana mota shiga, a kafaɗa aka ƙarasa da akwatin cikin taɓo. Abokan reluwe sun zo, da yawa, sun yi jawabai masu daɗi.

Wani dattijon dangi ya tambayi Yemima, wannan fa wane ne, yana nuna ni. Ta ce, "Abokin Baba ne." Aka ce aboki ya yi magana. Na tashi, ni da na saba cika fili da murya ranar taron iyaye, na ce a kwata na same shi. Mutane suka yi dariya. Ban iya ƙarasawa ba. Sambo ya zo ya kama gwiwar hannuna ya mayar da ni kujera.

Wata huɗu kawai na san mutumin nan. Me ya sa Allah zai ba ni sannan ya karɓe? Da ya bar ni yadda nake. Na gaya masa haka, da baki, a bayan motar dawowa. Aƙalla dai na yi masa magana.

Lahadi, 29 ga Satumba

Na farka, na yi wanka, na sa riga, na zauna jiran bugun ƙofa. Sai can na tuna.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ban fita ba tun Lahadi. Yemima ta ajiye abinci a bakin ƙofa, kaji suka ci.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Da yamma aka yi ta dukan ƙofa kamar za a ɓalla. Sambo da Leonard da sauran.

Na ce lafiya? Leonard ya ce yau Alhamis. Na ce ai Baba Gilbert ba ya nan. Sambo ya ce, "Mun sani, Malam. Mu muka binne shi. Matsa mu shiga."

Kujera ɗaya gare ni. Suka zauna a gado, a kan bokitin gari, wani a ƙasa. Leonard ya buɗe taga yana cewa ɗakin nan warin gwauro yake. Na dafa shayi, kofi bai isa ba, aka sha a gwangwanin madara. Suka yi ta labarin marigayin, yadda ya taɓa gyara wa wani fasto wa'azi daga layin gaba, da ƙarfi. Suka yi waƙa. Da Sambo ya yi addu'a ya ambaci Tamar da sunanta. Ban san ya riƙe sunan ba.

Na ce amin. Bakina ne ya faɗa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Gayya a gonar wata gwauruwa, karyar masara. Wai duk kaka haka Zumuntar Maza ke yi, gona bayan gona, har a kai dawa. Sambo ya zo da babur ya ɗauke ni, bai tambayi ra'ayina ba. Bayana kamar an daka. Leonard ya ce aikina na yini bai kai na akuya ba.

Matar ta rasa miji da ɗa a wani harin, bara. Muka zauna a gindin ɗorawa bayan an ci abinci. Na tambaye ta yaya mijin yake, mai faɗa ne? Ta dube ni, sannan ta fara. Har aka loda buhuna ba ta gama ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Doreen ta kira. Sun sami gida mai ɗaki uku a Mararaba ta kusa da Abuja, ɗaya nawa ne, an ma sa labule. Kevin, mijinta, zai zo da mota ranar Asabar. Ta ce, "Baba, ka daina zaman kaɗaicin nan." Muryarta cike da murna.

Na ce Asabar ba za ta yiwu ba, akwai gayya. Ta ce to ta sama. Na ce a bari dai sai bayan girbin dawa.

"Dawar wa, Baba?"

Ko kunya ɗaya ban shuka ba a garin nan. Na ce mata dawar mutane. Ta yi shiru, irin shirun uwarta in ta gano ni. Na ce batir zai mutu.

Ba wai na saba ba ne. Har yanzu da safe sai na daɗe a bakin gado kafin in sami dalilin tashi. Jiya ma a get na zauna, ko da yake na matsa da bencin kusa da taga, saboda rana.

Gobe in na shiga kasuwa sai na nemo kofuna. Leonard ya ce gwangwani na ƙona masa leɓe.